Gammon Kunnen Baba Kumai

Legas,
12 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga Anti Lai'atu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ina fata kuna lafiya, ke da Malam Jonathan da yara, da kuma Baba Kumai. Ni na iso Legas lafiya, sai dai jirgin ƙasa ya yi ta tsaye-tsaye a hanya har ƙafafuna suka kumbura. Na gode da hidimar Kirsimeti. Tun rasuwar mahaifina ban sake zama cikin dangi kamar wannan karon ba, na kuma ji daɗin ganin Baba da ƙarfinsa, shi kaɗai ya rage mana cikin 'yan'uwan kakana.

Anti, abin da ya sa na yi saurin rubutowa shi ne, cikin gaggawar kama jirgi na manta hedfon ɗina a gidanku. Ina nufin baƙin abin nan mai baki biyu da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa, wanda na jona wa rikodar Malam Jonathan ranar Kirsimeti na sa wa Baba don mu yi dariya. Kwalinsa yana ƙarƙashin gadon da na kwana.

Don Allah a kula mini da shi. A Jamus na saye shi lokacin da aka tura ni kwas, ko a manyan kantunan Legas ban ga irinsa ba. Kada yara su taɓa, kada a rataye shi a ƙusa, kada a ajiye shi kusa da kicin. A mayar da shi kwalinsa a ba Rufus ɗan Kawu Meshak, tun da yana aiki cikin jirgin da ke zuwa Legas, ya kuma san gidana.

A gaishe mini da kowa.

Ɗanki,
Nicholas.

*

Kafanchan,
4 ga Fabrairu, 1976.

Ɗana Nicholas,

Alheri da salama su tabbata a gare ka. Wasiƙarka ta iso, mun gode wa Allah da ya kai ka lafiya. Mu ma lafiya muke, sai Emilia autata da ta yi fama da tari, amma ta tashi, har ta koma ƙiriniya. Jonathan yana gaishe ka.

Abin kunnenka yana nan, ba abin da ya same shi. Amma ban ba Rufus ba, ka zauna ka ji dalili.

Kai ka sa wa Baba abin nan, ka yi dariya, ka tafi cin shinkafa. Ni na tsaya. Nicholas, na ga bakin tsohon nan yana motsi, yana bin waƙar da ke cikin kaset baiti bayan baiti. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ko tsawa ba ya ji! Ka san idonsa ya yi yana, ba ya iya karatu, balle mu rubuta masa. Tun da muka ɗauko shi daga Fadan Kaje sai dai mu yi masa nuni da hannu kamar muna korar kaji. Majami'a ma ya daina zuwa, ya ce ya gaji da kallon bakin Fasto. Wanda ya taka ƙauye-ƙauye da ƙafa yana bishara, shi ne ya koma zaman shiru a tsakar gida.

To Jonathan ya gano dabara. Sai mutum ya yi magana a makirfo, a mayar da kaset baya, a ƙure murya, a ɗora wa Baba abin a kai. Ka ga magana ta shiga! Emilia muka fara ɗauka, don bai taɓa jin muryarta ba tun da aka haife ta. Da ya ji sai ya ce, "Ashe haka kike, kamar zabuwa?" Muka yi ta dariya, ni kuwa na shige ɗaki na yi kuka na ƙoshi. Yanzu kowace Lahadi Jonathan yakan kai rikoda majami'a ya ɗauko masa wa'azi, Baba ya saurara, ya kuma gyara wa Fasto kurakuransa. Rikodar da na yi ta masifa an saya da kuɗin ƙarin albashin Udoji, ga shi ta yi rana.

Saboda haka ina roƙonka ka bar masa zuwa Ista. Kada ka damu, kamar jariri nake riƙonsa. Kunnen Baba na hagu yana zubar da ruwa, ka sani, to duk sa'ad da ya cire sai in goge abin tas da bakin zanena. Kuma 'yan gammon nan biyu masu taushi da ke danne kunne, fatarsu ta fara tsagewa, sai na shafe su da man kaɗanya sosai, yadda nake yi wa takalmin Jonathan. Da ka gan su yanzu, sai ƙyalli suke.

Antinka,
Lai'atu.

*

Legas,
21 ga Fabrairu, 1976.

Anti,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na yi murna Emilia ta warke, na kuma yi murna da labarin Baba, Allah ya sani.

Amma Anti, ina cin abinci na buɗe wasiƙarki, da na kai ƙarshenta sai na ture kwanon. Man kaɗanya! Wa ya aike ki? Abin nan ba fata ba ne, roba ce mai kama da fata, cikinta kuma soso ne. Soso shan mai yake yi, ba ya fitar da shi. Kuma ba gammo ake ce musu ba, kushin ne sunansu, ba tulu za a ɗauka da su ba.

Sai maganar bakin zane. Zanen da kike goge hannu da shi in kin gyara kifi, kike share wa Emilia majina, da shi kike goge ruwan kunne, sannan ki goge abin da ni zan sa a kaina? Kai! Tun da na karanta kunnuwana ke ƙaiƙayi. Ruwan nan mugunya ce fa, ciwo ne. A kai Baba asibiti a duba shi.

Ba na so a ce ni na hana tsoho jin maganar Allah, don haka na yarda zuwa Ista. Amma da sharaɗi. A shimfiɗa hankici mai tsabta tsakanin kunnensa da kushin, a riƙa wanke hankicin da ruwan zafi, kada kuma a ƙara shafa masa komai, ko mai, ko ruwa, ko yawu. Da an gama bikin Ista ina jiran Rufus.

Ɗanki,
Nicholas.

*

Legas,
19 ga Yuni, 1976.

Anti,

Ina fata lafiya. Ista ta wuce, Fentikos ya wuce, ba hedfon, ba wasiƙa. Na tare Rufus a tasha na tambaye shi, sai ya kama dariya, wai abin nawa ya yi gemu. Na ce ya yi mini bayani, ya ce shi ba ruwansa, in tambaye ki. To ga shi ina tambayarki. Me aka yi masa?

Nicholas.

*

Kafanchan,
6 ga Yuli, 1976.

Ɗana Nicholas,

Salama a gare ka. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, muna ta fama da noma a gonar bayan tasha, shi ya sa ka ji ni shiru. Wannan Rufus kuwa, bakinsa ya fi jirginsu gudu, za mu gamu.

Ga abin da ya faru, ba ƙari ba ragi. Ista ta zo, na ce bari Baba ya ji wa'azin tashin Almasihu tukuna, sai a ba Rufus. To ɓerayen gidan nan ba su da tsoron Allah. Suka ji ƙanshin man nan, suka bi shi har cikin kwali. Da safe na tarar sun cinye gammo ɗaya ƙaf, ɗayan sun bar rabi, kyankyasai kuma sun zuba ƙwai a cikin ragowar. Na kankare na zubar. Muka gwada sa wa Baba haka nan, ƙarfen ya ci masa kunne, muryar kuma ta riƙa zubewa ta gefe, bai ji komai ba. Ya juya wa bango fuska, ya ƙi tuwo.

In kai ne me za ka yi? Ni ɗinki ne sana'ata. Fatar akuyar da muka yanka da Ista tana shanye a kan rufin kicin. Na kai wa majemi, ya ce sai ta yi makonni a ruwan bagaruwa. Makonni, tsoho ba ya cin abinci? Na karɓo abata. Na aske gashin da reza iyakar iyawata, na jiƙa ta a ruwan toka ta yi laushi, na yanka, na cusa audugar rimi, na ɗinke da zare ninki biyu. Ko Bajamushen da ya ƙera abin ya gani sai ya yi mini sannu. Baba ya ce ya ma fi na da riƙe kunne. Ɗan gashin da reza ta bari a gefe, shi ne wai gemun.

Sai dai damina ta ɓata mini aiki. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya ɗan fara wari. Ƙudaje suka riƙa bin Baba, Emilia ta daina hawa cinyarsa, kunnen hagun kuma ya kumbura. Muka kai shi asibiti kamar yadda ka ce. Malamin asibiti ya sansana abin, ya yi mini faɗa kamar shi ya haife ni, ya ce kada a sake sa masa sai an canja gammon da irin na ainihi.

To ga shi na ba Rufus. Kai ka san inda ake samun nasu na Turawa. Ka sa masa sababbi ka maido.

Raba Baba da shi bai zo da sauƙi ba, rungume shi ya yi a ƙirji. Sai da na ɗauki muryata a kaset na ce, "Baba, Nicholas zai gyara ya maido maka." Ya sa aka maimaita masa, sannan ya ce, "Jikan ƙanena ba zai yi mini ƙarya ba." Maganar da ya ji ta ƙarshe ke nan. Da hannunsa ya sa shi a kwali.

Antinka,
Lai'atu.

*

Legas,
24 ga Yuli, 1976.

Anti,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Rufus ya ce tun daga Kaduna fasinjoji ke leƙa ƙarƙashin kujeru suna neman mushe, har sai da ya ɗaure kwalin a waje jikin ƙofar tarago. Ni na ɗauka shaƙiyancinsa ne. Na shigo da shi falo, ga Irene, yarinyar da nake nema, ta kawo mini abinci. Na ce mata bari in nuna miki abin da na sayo a Jamus.

Anti, "ya ɗan fara wari" kika ce? Tir! Da na ɗaga murfin sai da idona ya kawo ruwa. Fatar ta yi kore ta yi yauƙi, gashi ya manne da mugunya, ɗinkin ya buɗe a gefe ɗaya. Na taɓa da biro, sai tsutsotsi suka fara fitowa daga cikin audugar, farare, ƙosassu, suna faɗowa a kan teburin da nake cin abinci. Irene ta ruga waje ta yi amai a kwata. Har yau in ta zo ko ruwa ba ta sha a gidana. Wannan kuka riƙa ɗora wa tsoho a kai? Kuma a ce ni zan sake sa shi a nawa?

Na ɗaure hanci da tawul, na cire aikin naki da filaya. Na wanke kowane lungu da sifirit da tsohon buroshi, na shanya, na sake wankewa. Fatun kuwa na kulle su a gwangwanin madara na liƙe bakin, zan zo da su Kirsimeti dangi su gani, don kada a ce sharri na yi miki.

Kuma Anti, ba daidai ba ne ki yi alkawari da bakina ban sani ba. Na dai rubuta wa wani abokina a Jamus ya aiko mini da sababbin kushin. Zai ɗau lokaci. In sun iso sai mu ga abin da ya kamata a yi.

Nicholas.

*

Kafanchan,
30 ga Satumba, 1976.

Ɗana Nicholas,

Muna gaishe ka, duk muna lafiya. Allah ya yi maka albarka da ka rubuta Jamus. Na san ba za ka ba ni kunya ba. Abin da ya kamata a yi ai a fili yake.

Ka ba Irene haƙuri. Amma ka gaya mata, macen da ke amai don ta ga tsutsa, ran da ta haihu za ta sha mamaki. Gwangwaninka kuwa ka zo da shi, sai mu ɗora shi a tebur kusa da kek.

Kunnen Baba ya bushe, maganin ɗigawa ya yi aiki. Amma gida ya koma shiru. Na rasa yadda zan ba shi labarin wasiƙarka, sai na rufe kunnuwana da hannu biyu, na nuna masa wajen tasha, na gyaɗa kai. Ya gane. Tun ranar yake sa a fitar masa da kujera ƙofar gida. Ba ya jin kukan jirgi, amma yana jin girgizarsa a ƙasa ta tafin ƙafa, sai ya ɗago ya ce, "Na Legas ne?" Ko jirgin kaya ne mai zuwa daga Fatakwal haka zai tambaya.

Mu kuma ba mu daina ɗauka ba. Jonathan yana tara masa wa'azi, Emilia ta haddace Zabura ta ashirin da uku ta karanta masa a kaset. Duk mai magana da Baba sai ya zuba ta a rikoda a ajiye. Kaset har sun cika kwano. Gammon na Jamus sun iso kuwa?

Antinka,
Lai'atu.

*

Legas,
8 ga Nuwamba, 1976.

Anti,

Ina gaishe ku duka. Na ji daɗi kunnen Baba ya bushe.

Kushin sun iso makon jiya. Na sa su da kaina, sun zauna daram, abin ya koma kamar ran da na saye shi. Sai yanzu warin ya bar shi.

Zan gaya miki gaskiya ko da za ki ji haushi. Na ɗauko kwalin zan mayar da shi, sai warin kwalin ya buge ni, na tuna teburina, zuciyata ta tashi. Na zauna na yi tunani. Kunnen da ya bushe yau, in damina ta dawo zai sake zuba. Ɓerayen suna nan, man kaɗanya yana nan, ke ma kina nan da allurarki. In na aiko, ba za a daɗe ba za a maido mini da wani mushen, abokina kuma ba zai sake yi mini wannan wahala ba. Ba zan iya ba, Anti. Ban yi alkawari ba, ki sake karanta wasiƙata.

Ba wai na yar da Baba ba ne. Ga wani ɗan ƙaramin abin kunne na sa a cikin ambulan, irin wanda ake cusawa a kunne ɗaya, da rediyona ya zo. A gwada masa. In kuma an samu hali a kai shi babban asibiti a Jos, na ji akwai na'urar da ake ba kurame. Zan taimaka.

Ɗanki,
Nicholas.

*

Kafanchan,
20 ga Nuwamba, 1976.

Nicholas,

Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, na ga kana da ƙarfin rubuta rashin kunya.

Mun gwada 'yar tsakuwar da ka aiko. A kunnen dama bai ji komai ba, a na hagu ta fama masa ciwo har ya yi jini. Jos kuwa mun riga ka, tun bara waccan muka je, suka rubuta sunansa, suka ce a jira. Muna jira.

Zuciyarka ta tashi, ko? Sannu, Bature. Bari in tuna maka abin da ba a koya maka a Jamus ba. Shekarar da mahaifiyarka ta kwanta ciwo aka kawo ka Fadan Kaje, ƙazuwa ta cinye ka daga wuya har tsakanin yatsu, kanka duk ƙuraje yana ɗigar ruwa. Ni kaina, ina budurwa lokacin, na ƙi cin tuwo kwano ɗaya da kai. Wa ya riƙa wanke ka a rafi da sabulun salo, yana ɓare ɓawon da farcensa? Wa ya kwana da kai tabarma ɗaya? Baba ne, kuma shi bai ɗaure hanci da tawul ba.

Man kaɗanya ya jawo ɓera, na ji. Fata ba a jeme ta ba, na ji. Amma ni tsoho na gani ya ƙi abinci, na yi abin da hannuna ya iya, kuma ba na jin kunyar ɗinkin nan ko kaɗan. Kai fa? Ka zauna a falo ka toshe kunnuwanka masu lafiya da abin, kana jin kiɗan da ko ba shi za ka ji. Allah ya gani, tsutsar da ka ce ta faɗo a teburinka ba ta ba ni ƙyama kamar wasiƙarka ba. Da na gama karantawa sai da na wanke hannu.

Ban gaya wa Baba ba. Da me zan gaya masa?

Lai'atu.

*

Legas,
3 ga Disamba, 1976.

Anti,

Tun da ba kya jin kunyar ɗinkinki, ga shi na maido miki. Ki buɗe da kanki ki shaƙa, sannan ki gaya mini wanda ya kamata ya wanke hannu. Kwalin ma ki riƙe, ba na son sa a gidana.

Nicholas.

*

Kafanchan,
13 ga Disamba, 1976.

Nicholas,

Lafiyarmu ƙalau, in ka damu ka sani. Saƙonka ya iso jiya Lahadi. Zan ba ka labarin dalla-dalla, tun da kai ka shirya shi.

Rufus ya shigo da la'asar bayan an tashi sujada, gida cike da matan zumuntar majami'a sun zo gaishe da Baba, har da matar Fasto. Tun daga ƙofa ya ɗaga kwalin sama, ga hoton abin a jikinsa, yana cewa, "Ya zo! Ya zo!" Shi ma bai san abin da ya ɗauko ba. Takardar taka kuwa a ciki ka sa ta, ta yaya zan gani?

Ka ce in buɗe da kaina. A wane gida ka tashi? Yaushe aka taɓa buɗe saƙo a ɗaka a gidanmu? A hannun babba ake sa shi, a yi addu'a, sannan a kwance igiya. Haka aka yi da kowane ƙunshi da mahaifinka ya taɓa aikowa, kai ma ka sha tsayawa ka rufe ido. Ka yi Legas har ka manta.

Aka ɗora wa Baba a cinya. Ya shafa kwalin ya gane shi, ya cire hula. Ka san yadda kurma ke ɗaga murya, har maƙwabta sun ji addu'ar. Ya sa maka albarka, kai da Irene da 'ya'yan da ba ku haifa ba. Ya ce Ubangiji ya tsare maka kunne ran da kai ma za ka tsufa. Ya roƙi gafara, don wai akwai ranar da ya yi shakkarka a zuciyarsa. Mata suka ce amin, suka ɗauki waƙa, Asibi maƙwabciyarmu har da guɗa. Jonathan ya fito da rikoda da sababbin batir da kwanon kaset. Ni kaina na ce a raina, Lai'atu, kin zagi yaron nan a banza.

Da aka buɗe sai ga gwangwani. Baba ya ce, "Kun ga hankali, saboda ɓeraye ne." Ya ɓalle murfin da wuƙarsa.

Ba sai na gaya maka warin ba, kai ka kulle shi wata da watanni. Matar Fasto ta toshe hanci da ɗankwali ta yi waje, saura suka bi ta ana tuntuɓe da kujeru. Baba bai motsa ba. Ya sa yatsu ya zaro fatun nan, sun narke sun yi baƙi, ya shafa ya ji ɗinkina. Ya lalubi cikin kwalin, ya kife shi, ya girgiza. Takardarka ce kawai ta faɗo. Na ɗauka na karanta a tsaye, Rufus da Jonathan suna kallona.

Sai Baba ya ɗauki abin nan biyu, suna ɗigar ruwa, ya danna a kunnuwansa da hannu, ya ce wa Jonathan, "Kunna." Jonathan ya dube ni. Ya kunna, ya ƙure murya. Duk unguwa ta ji Emilia tana karanta Zabura, ban da shi. Ya ce, "Ƙara." Ya sake cewa, "Ƙara mana." Da ƙyar na ɓamɓare hannunsa, na wanke masa kunne da wuya da ruwan ɗumi. Na yi amai daga baya, amma ba fatar ce ta sa ni ba.

Ka san abin da ya ce ina share masa wuya? Wai kada mu ga laifinka, aikin birni ne ya yi maka yawa ka manta sa sauran, da kanka za ka zo da shi Kirsimeti. Na girgiza masa kai, ya ɗauka haushin mantuwar nake ji, ya ce in yi haƙuri da yaro.

Ba zan sake roƙonka ba. Ka riƙe abinka, ka sa shi har ya ruɓe a kanka. Amma Kirsimeti za ka zo, in kuma ka ƙi, zan hau jirgin su Rufus in zo in ɗauko ka. Yau da safe Baba ya sa an kama masa jan zakaransa, wanda ya hana a yanka ko don baƙo, ya ɗaure shi a ƙafar gadonsa yana ba shi dawa da hannunsa. Ya ce naka ne, na godiya. Ni zan dafa shi. Za ka zauna a gabansa ka cinye, yana kallon jakarka.

Lai'atu.